Tsohuwar kwamfutar tebur: sabunta man zafi da canja ƙwaƙwalwa

Zancenmu na yau a kan tsohuwar kwamfutar tebur yake, irin wadda kuke gani a biro, a lakwal, da shagunan buga takardu daga Tawa har Damagaram. Da yawa cikinsu na hannu ne. In bazara ta kama, zafi ya wuce digiri 40, sai ka ji fankarta tana kuwwa, aiki ya yi nauyi, wani bi ta mutu kana tsakiyar rubutu. Kar ka yi saurin cewa ta ƙare. Sau da yawa ƙura ce da busasshen mai.

Bari mu fara da abin da ke ciki. A bisa babban allon kwamfuta akwai wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, bai kai faɗin akwatin ashana ba. Shi ne furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi duka. In yana aiki yakan yi zafi ƙwarai, shi ya sa anka ɗora masa ƙarfe mai haƙarƙari da fanka a sama, ƙarfen ya janye zafi, fanka ta kore shi. To amma ƙarfe biyu ko yaya anka goge su ba su haɗuwa sarai. Akwai ƴan ramummuka da ido ba ya gani, iska na maƙalewa ciki, ita kuwa iska ba ta wuce da zafi da kyau. Man zafi, wanda masu gyara ke kira pâte thermique da Faransanci, shi ke cike ramukan nan. Bayan shekaru yakan bushe ya tsage kamar laka a bakin tabki. Sa'an nan zafin furosesa ya yi ta hawa, in ya kusa digiri 100 sai ya rage gudu da kansa don kar ya ƙone, in abin ya faskara ya kashe injin.

Ga yadda za ka yi. Kashe kwamfuta, cire wayar kuran daga bango, danna maɓallin kunnawa sau ɗaya don sauran wuta ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komi a ciki. Ka san tartsatsin nan da riga ke yi da hunturu in za a tuɓe ta? Wannan ƴar wutar ta isa ta lalata allo. Kwance ƙusoshin ƙarfen sanyaya kaɗan kaɗan, wannan kusurwa sa'an nan wadda ke fuskantarta. Murɗa ƙarfen a hankali dama da hagu kafin ka ɗaga, kar ka fizge, don a wasu injuna na AMD tsohon mai yakan riƙe furosesa har ya tumɓuko shi daga gurbinsa, allurai su lanƙwashe. Goge tsohon mai da tsumma mai tsabta marar gashi da alkol mai ƙarfi, ka bari ya bushe. Busa ƙurar da ta toshe haƙarƙarin, kana riƙe da fanka da yatsa don kar ta yi ta juyawa.

Sabon mai kuwa, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ƙarama a tsakiya ya isa. Nauyin ƙarfen shi zai baza shi. A nan ne mutane ke kuskure, suna zaton yawan mai shi ne yawan sanyi. Aikinsa cike rami ne kawai. Kuma don Allah ban da man goge haƙori, ban da giris na mota, ban da man kaɗe. Na ɗaya bushewa yake yi nan da nan, sauran kuwa ba don wannan aiki anka yi su ba.

Sai batun canja furosesa da wanda ya fi shi. Wannan yana son lura, don kuɗi ne za ka fitar. Kowane allo da irin gurbinsa. Kamfanin Intel ya fito da gurbin LGA 775 a 2004, wanda ya ɗauki Pentium 4, daga baya Core 2 Duo da Core 2 Quad. Gurbin LGA 1155 ya zo a 2011. Na wancan ba ya shiga wannan ko kaɗan. Ko gurbi ya zo ɗaya ma, ba lalle allo ya karɓa ba: Dell OptiPlex 790 gurbin 1155 gare ta, amma zuriya ta 2 kaɗai take ɗauka, ba ta ɗaukar ta 3. Saboda haka rubuta sunan injinka da lambarsa, a duba maka jerin da kamfanin ya yarda da shi kafin ka biya. Duba cin wuta kuma. Core i3-2100 zuciya 2 gare shi, zafinsa wat 65. Core i5-2400 zuciya 4, amma wat 95. Ƙaramin akwati mai ƙaramar fanka zai sha wuya da shi a watan Afrilu.

Wurin sawa, ɗaga ɗan hannun ƙarfe da ke gefe, riƙe furosesa ta gefensa, daidaita alamar kusurwa uku da ke jikinsa da ta gurbin, ka aje shi a hankali. Shi ke zama da kansa. In bai zauna ba, ba daidai ka aje ba, kar ka danna. A gurbin Intel alluran cikin gurbin suke, sirara kamar gashi, ɗaya in ta lanƙwashe allon na iya tafiya ke nan.

A ganina, in jinkirin kunnawa da buɗe takardu ne ke damunka, fara da sa faifan SSD da ƙara RAM, sun fi sabon furosesa amfani. Ka sani kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana son Intel zuriya ta 8 ko sama, abin da gurbin 1155 ba zai taɓa ɗauka ba. Irin waɗannan injuna Linux na tafiya da su lafiya lau.

In ka gama, ɗaure ƙusoshi yadda ka kwance su, kusurwa da kusurwa. Kar ka manta da mayar da ƴar wayar fanka a mazauninta bisa allo. Kunna injin akwati a buɗe, ka ga fanka na juyawa, ka shiga BIOS ka karanta sunan furosesa da zafinsa, sa'an nan ka rufe.