Yaron da Lalurarsa Ta Fi Ƙarfin Likita Ɗaya

Da wuya a sami unguwar da babu gidan da ake da yaro ɗan shekara biyar ko shida wanda har yau wuyansa bai tsaya ba. Ba ya zama sai an tokare shi, hannuwansa a dunƙule, ƙafafunsa sun sandare suna harɗewa, miyau na dalala, wani lokaci kuma jijjiga ta kama shi da tsakar dare. Maƙwabta sun san da shi amma ba kasafai suke ganinsa ba, domin yana ƙuryar ɗaki. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce shafar aljanu ce, wasu kuma su ɗauka shan-inna ce. Likitoci kuwa sun san abin, suna kiransa sarebiral falsi: rauni ne da ya sami ƙwaƙwalwa tun yaron yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. A duniya ana samunsa ga yara 2 zuwa 3 cikin kowace haihuwa 1,000, kuma ya fi yawa a ƙasashe matalauta. A wajenmu abubuwan da suka fi jawo shi su ne doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi da wuri, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani ana ta jiƙe-jiƙe a gida, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai.

Raunin da ke ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba ya kuma warkewa. Abin da ke ƙaruwa shi ne ɓarnar da rashin kulawa ke yi wa sauran jiki, kuma nan ne maganar take. Gaɓar da ba a motsa ta takan ƙage har ta ƙi miƙewa, ƙugu ya goce, kwanciya wuri ɗaya ta haifar da gyambo. Mafi haɗari duka shi ne cin abinci. Da yawa daga cikin yaran nan ba sa iya haɗiya yadda ya kamata. Uwa takan kwantar da yaro a cinya, kansa ya lanƙwashe baya, ta riƙa ɗura masa kunu mai ruwa-ruwa don tana ganin shi ya fi sauƙin wucewa. Alhali wannan kwanciyar da wannan ruwan su ke sa kunun ya bi hanyar iska, yaro ya sarƙe, bayan kwana biyu ciwon huhu ya taso. Da an nuna mata ta zaunar da shi a miƙe, haɓarsa ta ɗan sunkuyo, ta kaurara kunun, ta ba shi da ƙaramin cokali tana jira ya haɗiye kafin ta ƙara, da an rage tamowa da ciwon huhun da ke kashe irin waɗannan yara.

Yaro guda ke nan yake buƙatar likitan yara saboda farfaɗiya, da likitan gashin ƙashi saboda gaɓoɓi, da masanin haɗiya da magana, da masanin abinci, da mai ƙera masa kujera, da malamin da ya san yadda ake koyar da irinsa. Waɗannan ƙwararru akwai su, sai dai kaɗan ne, kuma sun taru a manyan asibitocin birni irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Shika a Zariya. Kowanne da ranar ganinsa da layinsa da katinsa. Matar da ke Ɓagwai ko Kazaure za ta goyo yaron da ya yi mata nauyi, ta biya kuɗin mota, ta bar sana'arta da sauran 'ya'yanta, don gashin rabin awa. Ta yi wata uku ba ta ga ya tashi ya yi tafiya ba, sai ta daina zuwa, a rubuta cewa iyaye ba su da haƙuri. A ganina tsarin ne ya gaza, domin ya rarraba yaron gunduwa-gunduwa, ya bar wa matar da ta fi kowa gajiya aikin harhaɗa shi.

Abin da ya dace shi ne a sauko da kulawar zuwa asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, a kuma ɗora alhakin kowane yaro a wuyan ma'aikaci ɗaya sananne. Shi zai riƙa leƙa gidan, ya auna nauyin yaron, ya tabbatar maganin farfaɗiya bai yanke ba, ya koya wa masu gida motsa gaɓoɓi da ciyarwa, ya kuma san ranar da lamarin ya kai a tura birni. Ƙwararrun su riƙa zagayowa lokaci-lokaci suna duba aikinsa. Wannan ba sabon tunani ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kiran a yi gyaran nakasa a cikin al'umma, ta kuma fitar da cikakken jagora a kai a 2010. A Gana an gwada wani shiri da masana na makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan suka tsara, inda iyaye ke haɗuwa rukuni-rukuni kowane wata ana koya musu zaunar da yaro, ciyar da shi, wasa da shi da fahimtar alamunsa. An ga iliminsu ya ƙaru, hankalinsu ya fi kwanciya. An kuma ga tamowa ba ta ja da baya ba, abin da ke nuna koyarwa ita kaɗai ba ta isa gidan da babu abinci.

Za a ce ina kuɗin, alhali zazzaɓi da gudawa da ƙyanda suna kashe dubbai? Tambayar tana da nauyi, amma mafi yawan abin da ake magana a kai ba mai tsada ba ne. Kafinta na unguwa zai iya haɗa kujera mai matokarin kai da ƙugu idan an ba shi awo, har ma akwai wuraren da ake yin ta da kwali da ƙullun fulawa. Ma'aikatan ma muna da su. Matan da suka bi gida-gida suna ɗigon rigakafi har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da shan-inna ta daji sun san kowace ƙofa a unguwanninsu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Kuma kwanciya asibiti da ciwon huhu sau uku a shekara ta fi kujera da cokali tsada nesa ba kusa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi damuna: cewa wannan dabara ce ta jibga wa uwa aikin gwamnati a kira shi horo. Haɗarin gaskiya ne. Sau da yawa ita ake zargi da haifar yaron, wata ma aurenta ke mutuwa a kansa, ga ciwon baya na goyon shekaru. Don haka duk shirin da bai jawo uba da kaka da yayye cikin horon ba, bai kuma tanadi wurin da za a riƙe yaron na 'yan awoyi uwar ta je kasuwa ko ta runtsa ba, ya ƙara mata kaya ne kawai. Masu cewa ƙaddara ce kuwa gaskiya suka faɗa, sai dai yarda da ƙaddara bai taɓa hana Musulmi neman magani ba, kuma limamin da ya faɗi haka a huɗuba zai fito da yaran da aka ɓoye fiye da kowace sanarwar rediyo.

Saura makaranta. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Amma makarantunmu na musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano, an fi sanin su da kurame da makafi. Yaron da ba ya zama, ba ya riƙe alƙalami, ba ya iya zuwa bayan gida shi kaɗai, ba shi da aji, ko da kuwa hankalinsa garau yake, kamar yadda yake ga da yawa daga cikinsu. Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna yaye malaman ilimi na musamman kowace shekara. Kowace ƙaramar hukuma za ta iya buɗe aji ɗaya mai malami da mataimakiya a wata firamare da ke kusa da asibitin mazaɓa, ta fara da ƙidaya yaran gida-gida, domin a yau ba sa cikin rajistar makaranta, kuma kasafin kuɗi da rajista yake aiki.