Ɗafa-Goshin "Multi-" na Ingilishi da Hanyar Bayyana Shi da Hausa

1.0 Ma'ana

Ɗafa-goshi ƙwayar ma'ana ce da ake liƙawa a farkon kalma domin samar da wata sabuwa, kamar ba- a cikin Bakatsine, ko ma- a cikin makaranta da mabuɗi. A Ingilishi akwai multi-, wanda ya samo asali daga kalmar Latin multus, wato "mai yawa". Takwaransa poly- daga Girkanci yake, amma aikinsu ɗaya ne. Misali:

multilingual: mai harsuna da yawa
multinational: kamfanin da ke harka a ƙasashe daban-daban
polygon: siffa mai kusurwoyi da yawa
polygamy: auren fiye da mutum ɗaya a lokaci guda

Misalin ƙarshe ya nuna cewa "yawan" yakan fara ne tun daga biyu, don haka fassara shi kullum da "masu ɗimbin yawa" kuskure ne.

2.0 Yadda Hausa ke Bayyana Yawa

Hausa ba ta da ɗafa-goshin da ya yi daidai da wannan. Takan yi amfani da "da yawa", "iri-iri" ko "daban-daban", sannan takan ninka wani sashen kalma, kamar yanka da yayyanka, ko kama da kakkama. Saboda haka bai kamata malami ya ƙago ɗafin da kunnen Bahaushe bai saba da shi ba.

3.0 Misalin Suleja

Garin Suleja, wanda Sarkin Zazzau Abu Ja ya kafa a 1828, ya haɗa Hausawa da Gbagyi da Koro da sauran al'ummu. Ɗalibi zai iya yin Gbagyi a gida, Hausa a kasuwa, Larabci a Islamiyya, Ingilishi kuma a aji. Ke nan ma'anar multilingual tana cikin rayuwarsa tun kafin ya ji kalmar.

4.0 Shawara

Ɗalibin da ya haddace kalmomin ɗaya bayan ɗaya zai kafe duk lokacin da ya ci karo da sabuwa a lissafi ko kimiyya. Ya dace manhaja ta tanadi darasin da malami zai raba ɗafi da saiwa a kan allo, ya kwatanta su da ba- da ma- na Hausa, sannan ɗalibai su fassara sababbin kalmomi da kansu.