Hoton ado: sana'ar da jama'a ke rainonta

Duk wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Sabha neman aiki ya san darajar hoton Sallah. Daga Sabha har Tamanhint, saƙon da ya fi kwantar wa iyaye hankali a Maraɗi ko Damagaram shi ne hoton ɗansu cikin sabuwar shadda, hula ta zauna daram. Wannan al'ada ta girmi wayar salula da shekaru masu yawa.

A 1948 Seydou Keïta ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a Bamako. Yakan tanadi rediyo, agogo, babur da tufafi, mai son hoto ya ara ya fito yadda yake burin zama. A Bobo-Dioulasso, Sanlé Sory yana tsayar da samari gaban zanen jirgin sama, ko da ba su taɓa shiga jirgi ba. A Yamai kuwa, Philippe Koudjina ya ɗauki samari da 'yan mata a wuraren rawa a shekarun 1960 da 1970.

A Kano hoton ado ya samu sabuwar kasuwa da zuwan fina-finan Hausa. Fuskokin jarumai mata suka cika kalandu, fastoci da bangon mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999. Nan ne kuma aka fi jan layi tsakanin kwalliya da kunya. A 2001 jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, kuma a 2020 hotunan da Rahama Sadau ta wallafa sun tayar da ƙura sosai.

To, ta yaya matashi ke shiga wannan sana'a? Mafi yawa ta hannun ubangida. Malick Sidibé ya fara ne a matsayin yaron shago wurin wani Bafaranshe a Bamako, kafin ya buɗe nasa, har ya kai ga samun babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venis a 2007. Amma masu biki da masu suna na unguwa su ne suka fara ciyar da shi, tun duniya ba ta san sunansa ba.

Haka abin yake a zango. Kuɗin kyamara sau da yawa daga adashi yake fitowa, ko daga ɗan'uwa da ke aiki a waje. Aikin farko kuma bikin maƙwabta ne. Akwai manyan dandali kamar taron masu hoto na Bamako da aka fara a 1994, sai dai ƙalilan ne ke kaiwa can.

Tallafin jama'a ya ƙunshi abu uku: a biya mai hoto haƙƙinsa ba a ce "ai ɗan gida ne" ba, a ba sabon hannu aiki a taron ƙungiyar 'yan gari, a kuma ambaci sunansa idan an yaɗa aikinsa. Shi kuma bashin da ke kansa amana ce. Hoton amarya ko budurwa da ya fita Facebook ba da izininta ba yana iya raba aure, ya kuma rufe shagon da ya ɗauke shi.