Gishirin Tegidda da Ciwon da Ba a Kai wa Likita

Tegiddan Tesum ƙauye ne a jihar Agadas, kimanin kilomita 80 arewa da Ingal, a tsakiyar wani fili mai laka da ba shi da inuwar kirki. Gishiri ne ya tara mutane a wurin. Ana kwaso ƙasa mai gishiri a zuba a manyan ramuka, a ɗebo ruwan zartsi daga maɓuɓɓugan wurin a kwarara mata, a tattake a dama, a bar laka ta kwanta, sannan a kwashe ruwan zuwa ɗaruruwan ƙananan gurabu inda rana za ta shanye shi ta bar gishiri. Daga nan a kankare, a cura, a shanya, a ɗora wa raƙuma ko motoci zuwa kasuwannin da makiyaya ke saya wa dabbobinsu. Ƙasar da aka gama tacewa kuwa, a kwashe ta a jibge a gefe, har ta zama tuddai kewaye da wurin. Masu bincike biyu Faransawa, Edmond Bernus da Suzanne Bernus, sun fitar da littafi a kan gishirin nan da dabinon Ingal a 1972, masu ɗaukar hoto daga jirgin sama kuma sun sa gurabun nan masu launi-launi sun yi suna a duniya. Amma kowane mataki na aikin nan da ƙugu da gwiwa da kafaɗa ake yin sa, a duƙe, cikin ƙunar rana, hannu da ƙafa a cikin ruwan da ke cin faso. Wanda ya shekara 20 ko 30 a haka, maza da mata, ba sai an gaya masa yana da ciwon baya ba. Abin tambaya shi ne ina zai kai ciwon.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da tsawo. Ciwo mai naci cuta ce mai zaman kanta, wadda ya kamata a riƙa kula da ita a cibiyar lafiya mafi kusa da mai ita, kuma muddin ba a buɗe wannan ƙofa ba, mai tallar ƙwaya ne zai ci gaba da zama likitan talaka, ko da kuwa kullum ana kama shi. Masana sun tsai da cewa duk raɗaɗin da ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, ya shiga wannan sahu, kuma kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya soma aiki a 2022 ya ba shi gurbinsa na kansa. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma babu wata lalura da ta kai shi hana mutane aiki. Dalilin da ya sa aka ware shi kuwa, ba kamar ciwon yanka ko ƙuna yake ba, wanda ke tafiya idan rauni ya warke. Idan jijiyoyi suka daɗe suna kai saƙon zafi, sukan saba har su riƙa kai shi ko da wurin ya warke, abin da bai isa ya yi zafi ba ya riƙa yi. Barci ya gagara, rashin barci ya ƙara zogin, mutum ya soma tsoron motsi, gaɓoɓi su sandare, fushi da ƙuncin rai su shigo gida. A garin da abincin yau daga aikin yau yake fitowa, magidancin da ya kasa duƙawa ya ja yaransa ne zuwa bakin rami tun ƙashinsu bai yi ƙwari ba.

Jihar Agadas ita kaɗai ta fi rabin faɗin ƙasar Nijar, mutanenta kuma a warwatse suke. Tsarin kiwon lafiyar ƙasar hawa-hawa ne: ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar lafiya ta CSI, sai asibitin gunduma, sai babban asibitin jiha a birnin Agadas, sai manyan asibitocin Yamai, inda mafi yawan ƙwararrun likitoci suke. Mutumin Tegidda da ke son a ɗauki hoton ƙashin bayansa sai ya bi hanya marar kwalta zuwa Ingal, hanyar da laka ke datsewa idan ruwa ya sauka, sannan ya ƙara fiye da kilomita 100 zuwa Agadas. Kuɗin mota, kuɗin ɗan rakiya, masauki, ga kwanakin aikin da suka tafi. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu ciki wani ɓangare na kuɗin magani, kuma a 2024 hukumomi sun rage farashin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi. Duka biyun abin a yaba ne, sai dai ba su rage tsawon hanya ba, kuma dattijo mai sanyin ƙashi ba ya cikin waɗanda aka fara tunawa. Don haka yakan fara da abin da ke kusa: wanzami ya yi masa ƙaho, ko a yi masa sakiya, ko a jiƙa masa saiwa. Idan bai ji dama ba, sai tiren mai magani a ranar kasuwa.

A kan tiren nan ne ɓarnar take. Diklofenak da ibuprofen magunguna ne na gaske masu aiki, amma wanda ya mai da su abin sha kullum, ciki ba abinci, yana zufa a rana bai sha isasshen ruwa ba, yana sayen gyambon ciki da ciwon ƙoda ne da kuɗinsa. Akwai masu haɗa wa mutane da deksametazon, wanda ke kwantar da ciwon gaɓoɓi nan take, daga baya ya kumbura fuska, ya ta da hawan jini da ciwon sukari, ya rarake ƙashi. Ko farasitamol, da ake gani kamar ba komai ba, idan babba ya wuce giram 4 a yini yana iya lalata hanta. Sai uwa uba tramol. A asibiti ƙwayarsa miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma kuwa akwai mai 200, da 225, da 250, ƙarfin da ya zarce wanda likitoci suka saba rubutawa a ƙwaya guda. Yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kama jiki har mutum ya kasa tashi sai da shi. An san yadda ya bazu tsakanin 'yan kabu-kabu, da direbobin hamada, da 'yan ƙwadago, da masu haƙar zinariya tun da aka ruga Jado a 2014. Idan aka dubi wannan jeri da kyau, za a ga duk masu aikin ƙarfi ne. Da yawansu ba maye suka je nema ba ran farko, so suke su iya tashi gobe su koma aiki.

Hukumomi ba su zauna ba. A ƙarshen 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi gargaɗi a kan yadda tramol ke kwarara yankin Sahel. A 2018 Indiya, inda akasarinsa ke fitowa, ta tsaurara dokar fitar da shi, a shekarar kuma Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin. A Nijar hukumar OCRTIS mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi tana kama ƙwayoyi masu yawa. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikin matakan nan ba. Amma me ya biyo baya? Kasuwa ta sauya kaya. Wasu ƙwayoyi masu haɗin tapentadol da karisoprodol, waɗanda suka fi tramol haɗari, suka cika gurbin, har sai da Indiya ta haramta haɗin a 2025 bayan wani binciken BBC. Matuƙar bayan mutum na ciwo da asuba, kuma babu inda zai je a duba shi, akwai wanda zai kawo masa wani abu a leda. Kame yana rage kaya, amma bai taɓa dalilin da ya sa ake saye ba.

Za a ce mutanenmu masu haƙuri ne, kakanninsu sun yi aikin nan ba ƙwaya ba asibiti, kuma mumini yana samun lada a kan ciwon da ya jure. Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu musu. Sai dai malamai ba su taɓa cewa neman magani ya ci karo da tawakkali ba, akasin haka suke karantarwa. Kuma a lura da wanda ake wa wa'azin haƙurin. Mai hali idan bayansa ya riƙe, Yamai yake tafiya, ko Kano, ko ya hau jirgi zuwa Tunisiya ko Masar, babu mai ce masa ya jure. Matar da ke kankare gishiri ita ake tuna wa falalar juriya. Akwai kuma kunya, wadda Buzaye da Fulani da Hausawa duk suka ɗauka ado: namiji ba ya raki, mace ba ta kuka da ciwo. Wannan ɗabi'a ce mai kyau a wurinta, amma ita ce ke sa a yi shiru da ƙullutu a nono ko ciwon baya mai tafe da rama da zazzaɓin dare, wanda kan iya zama tarin fuka na ƙashi, har sai lokacin da magani ba zai yi amfani ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kashe yara, ga matsalar tsaro, ina ta ga kuɗin ciwon ƙugu? Da abin da ake bukata na'urori ne masu tsada da likitocin tiyata, da na yarda. Amma jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 a kan daɗaɗɗen ciwon ƙugu ta nuna akasin haka. Abin da ta ba da shawara a kai shi ne a wayar wa mai ciwo kai a kan lalurarsa, a koya masa motsa jiki, a yi tausa da gashi irin na asibiti, a taimaka masa ta fuskar tunani, a ba shi maganin kumburi na ɗan lokaci bisa lura. Ta ce kada a ba irin wannan majinyaci ƙwayoyin dangin tramol. Ke nan abin da mai tire ke sayarwa shi ne ainihin abin da masana suka hana, abin da ya dace kuma ma'aikacin jinya ko majon da ke riƙe da CSI zai iya yin sa idan an horar da shi. Ya tambayi tsawon ciwon, ya gane alamun haɗari da ke bukatar a tura mutum Agadas ba da ɓata lokaci ba, kamar mutuwar ƙafa ko kasa riƙe fitsari, ya auna hawan jini kafin ya ba da diklofenak, ya nuna yadda ake ɗaga kaya da gwiwa maimakon ƙugu. Baro, da takalmin roba, da doguwar ƙota ga abin kankara, suna cikin maganin ciwon Tegidda, kuma ba su kai kuɗin wankin ƙodar mutum ɗaya ba.

Akwai kuma wani rukuni da tausa ba za ta yi musu komai ba: masu ciwon daji da ya yi nisa, masu amosanin jini idan ciwon ya tashi, masu mummunar ƙuna. Maganinsu mofin ne, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1977, kuma ba shi da tsada. A 2017 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya gano cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa. Nijar tana da cibiyar yaƙi da ciwon daji da ta masu amosanin jini a Yamai, amma wanda aka sallama ya koma ƙauyensa a arewacin Ingal, daren da ciwo ya tashi Yamai ba ta da amfani a gare shi. Masu tsoro sukan kawo misalin Amurka, inda mutuwa ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima ta haura mutum 100,000 a shekara a 2021 da 2022. Tsoron yana da tushe, amma musibar Amurka ta faro ne daga kamfanonin da suka tura ƙwayoyi masu ƙarfi ga masu ciwon baya don neman riba. Misalin da ya fi kusa da mu Yuganda ce. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda, ta riƙa haɗa mofin na ruwa mai arha da majinyaci zai sha a gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi. Ana rubuta kowace kwalba a rajista, kuma ƙasashen Afirka da dama sun je sun koyo tsarin. Yarjejeniyar duniya ta 1961 a kan miyagun ƙwayoyi ita kanta ta ɗora wa ƙasashe nauyi biyu ne, hana fasa-ƙwauri da kuma tabbatar da cewa majinyaci ya samu. Mun riƙe na farko da hannu biyu, mun saki na biyu.

Saura batun nisa, wai ba za a iya bibiyar mutanen da ba su zauna wuri ɗaya ba. Mutanen yankin nan suna da lokutansu sanannu. Idan damina ta tsai da aikin gishiri, da yawan ma'aikatan sukan koma Ingal, kuma a ƙarshen daminar, wajen watan Satumba, makiyaya daga ko'ina sukan hallara can a bikin lasar gishiri na Cure Salée, inda aka daɗe ana amfani da taron wajen yi wa dabbobi da yara rigakafi. Tawagar da ta iya kai allurar shanu can za ta iya tafiya da mai duba ciwon gaɓoɓi, ta ba kowane majinyaci kati, ta haɗa shi da cibiyar da ta fi kusa da shi, sauran bibiya a yi ta waya inda layi ke kamawa.

Kira na ga ma'aikatar lafiya da hukumomin jihar Agadas shi ne a sa kula da ciwo mai naci cikin horon ma'aikatan CSI, a kuma samar da mofin na sha a asibitocin gunduma ƙarƙashin rajista. Kai kuma mai karatu, idan akwai wanda ke shan ƙwayar ciwo kullum a gidanku sama da wata 3, ka tattara fakitin duk abin da yake sha, ka raka shi cibiyar lafiya, a auna jininsa a duba ƙodarsa. Idan tramol ne, kada ya yanke shi dare ɗaya, a bar ma'aikacin lafiya ya rage masa sannu a hankali.