Gyaran Makarantun Sakandare a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Karatun sakandare a Nijeriya shekara shida ne, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Tsarin ya fito ne daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, aka fara aiki da shi a 1982 da sunan 6-3-3-4. Niyyar ita ce yaro ya ɗanɗana sana'a tun a ƙaramar sakandare, ko aikin kafinta ko na lantarki ko noma, ta yadda wanda bai ci gaba ba, zai fita da abin yi. A yawancin makarantun karkara wannan ɓangare bai zauna ba, don babu ɗakin koyon sana'a, babu wuta, babu mai koyarwa. Abin da ya rage shi ne neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi.

A Ikara da Maƙarfi da Kudan na jihar Kaduna, kamar sauran karkarar arewa, matsalar takan fara tun kafin yaro ya shiga aji ɗaya. Da yawa kan gama firamare ba su iya karanta sakin layi ɗaya na Turanci su fahimta ba, alhali da Turanci ake koyar da kusan komai a sakandare. Malami ya cika allo, ɗalibai su kwafe su haddace, a ƙarshen shekara a ciyar da kowa gaba. Da haka ake tafiya har aji shida, inda jarrabawa ke tona asiri, ko satar amsa ta rufa shi. A 2017 gwamnatin jihar ta Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji, sama da 21,000 suka faɗi, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta tafi yajin aiki, kuma har yau ana gardama kan adalcin matakin. Sai dai ya nuna inda rufin yake yoyo.

Gyaran da ya biyo baya ya fi karkata ga gini. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, ya sa Kaduna cikin jihohi bakwai na farko. Manufarsa kusanto da sakandare ga 'yan mata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin uba a ƙauye bai cika barin 'yarsa ta yi doguwar tafiya kullum ba.

Akwai kuma batun lokaci. Yankin na manoma ne, Ikara da tumatir, Maƙarfi da Kudan da rake. Ranar kasuwa da lokacin girbi ajujuwa kan rame, domin hannun yaro kuɗi ne a gona. A 2022 kuma makarantun gwamnatin jihar suka koma karatun kwana huɗu a mako. Ɗalibin da ya rasa kwana ɗaya a cikin huɗun nan ya rasa rubu'in karatun makonsa.

Gurbin ci gaba bai yi nisa ba. Ga makarantar kimiyya a Ikara, ga kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Abin da ke hana yara isa can shi ne rauni a karatu da lissafi. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wata dabara mai sauƙi: a gwada yara, a kasa su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a ware musu lokaci kullum har su kamo. An tsara ta ne don firamare, amma aji ɗaya na sakandare a wannan yanki yana bukatarta. Ba ta neman sabon gini, sai malami mai zuwa aji da shugaban makaranta mai sa ido, kuma nan ne ya kamata ma'aikatar ilimi ta fara.