Wasiƙar da Ba Ta da Adireshin Komawa

Sanin kowa ne cewa wasiƙar da aka jefa a gidan waya, in ba a sami mai ita ba, akan mayar wa wanda ya rubuta adireshinsa a bayan ambulan. Haka abin yake ga imel. A ce ɗalibi a Kiru ya aika da takardar neman gurbin karatu, amma ya kuskure harafi ɗaya a adireshi. Jim kaɗan sai ga saƙo da Turanci daga wani wai shi MAILER-DAEMON. Wannan ba mutum ba ne. Babbar kwamfuta ce mai rarraba wasiƙu, wadda ake kira sabar, take sanar da shi cewa takardarsa ba ta isa ba.

Kowane imel yana da adireshin mai aikowa iri biyu: wanda ake gani a kan wasiƙa, da na ambulan, wanda kwamfutocin ke faɗa wa juna. Na ambulan ake bi a mayar da sanarwa. To, idan ita ma sanarwar ta rasa mai karɓa fa? Da tana ɗauke da adireshin komawa, da kwamfutoci biyu sun yi ta jefa wa juna sanarwa ba iyaka, tamkar direban Tudun Wada da na Doguwa, kowa na mayar wa ɗan'uwansa saƙon da ba mai shi.

Don haka ne a 1982 Jon Postel, masanin kwamfuta a Amurka, ya tanadi magani cikin ƙa'idar SMTP: a bar adireshin ambulan na sanarwa fanko, wato <>. Idan irin wannan saƙo ya rasa mai karɓa, ba a yi masa wata sanarwar. Magana ta ƙare. A 1996 aka ƙara lambobin bayani. Wadda ta fara da 4 tana nufin matsalar ta ɗan lokaci ce, mai 5 kuwa ta dindindin; 5.1.1 na nufin babu mai wannan adireshi.

Akwai kuma abin lura. 'Yan damfara sukan ari adireshin wani su liƙa a ambulan, sai malami a Bebeji ya ga sanarwar wasiƙar da bai taɓa aikawa ba. Wannan kaɗai bai nuna an shiga akwatinsa ba.

Saboda haka, ɗalibin da ya ga sanarwa kada ya share ta bai karanta ba, kada kuma ya ba ta amsa. Ya duba lambar, ya gyara adireshi, ya sake aikawa tun wa'adi bai cika ba.