Manhajojin Tsaro a Bakin 'Yan Jarida: Abin da Ya Kamata Mai Waya a Danchadi Ya Sani

Kowace wayar zamani da kowace kwamfuta tana tafiya ne a kan wata babbar manhaja, wato tushen tsarin da ke tayar da na'urar, ya rarraba wa ƙananan manhajoji aiki, ya kuma tantance wadda za ta iya kaiwa ga hotuna da lambobi da saƙonnin da aka adana. Akasarin wayoyin da ke hannun jama'a a Danchadi da Bodinga da Shagari na Jihar Sakkwato, irin su Tecno da Itel da Infinix, Android ce ke tafiyar da su, kwamfutocin ofisoshi kuwa galibi Windows ce. Akwai kuma wani rukuni na manyan manhajoji da aka gina musamman domin kare sirri, waɗanda ake kira buɗaɗɗu saboda an baje rubutun umarnin da aka haɗa su da shi a fili, ta yadda duk masanin da ya ga dama zai iya karantawa, ya binciko kuskure ko wata ɓoyayyiyar ƙofar leƙen asiri, ya kuma sanar da duniya. Irin waɗannan manhajoji ba kasafai sunansu ke fitowa a jarida ba sai wani babban abu ya faru, shi ya sa mutane da yawa suka san su ta fuskar abin mamaki ko abin tsoro kawai.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Tails, da aka fara fitarwa a 2009, aka kuma gina ta a kan Debian, ɗaya daga cikin rassan babbar manhajar Linux. Ba a girka ta a cikin kwamfuta. A kan filashi ake ɗora ta, a soka a jikin na'ura a tayar da ita daga can, idan aka gama aka kashe sai duk abin da aka yi ya gushe, tamkar allon da aka wanke bayan an biya karatu, in ban da abin da mai ita ya zaɓi ya ajiye a wani kulallen sashe na filashin. Duk wata hulɗarta da intanet tana bi ta Tor, wato hanyar da ke ratsa da saƙo ta tashoshi uku na 'yan sa-kai, inda ta farko ta san mai aikowa amma ba ta san inda saƙon ya nufa ba, ta ƙarshe kuma ta san inda ya nufa amma ba ta san daga wa ya fito ba.

Shekaru huɗu Tails ta yi ba wanda ya damu da ita sai masana, har zuwa 2013 lokacin da Edward Snowden ya fallasa takardun hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. Daga baya ta bayyana cewa 'yan jaridar da suka karɓi takardun, Laura Poitras da Glenn Greenwald da Barton Gellman, sun dogara da ita wajen aikinsu, fim ɗin Citizenfour na Poitras, wanda ya ci kyautar Oscar a 2015, ya ma ambaci sunanta cikin kayan aikin da aka gode wa. A watan Yulin 2014 kuma kafofin watsa labaran Jamus suka ruwaito cewa na'urar tace bayanai ta NSA tana sa alama a kan masu neman bayanin Tails a intanet. Waɗannan rahotanni sun ɗaga darajarta ƙwarai, sai dai sun bar wa jama'a tunanin cewa wanda ya riƙe ta ya fi ƙarfin kowa.

Wannan tunani bai daɗe ba ya gamu da cikas. A 2020 aka ruwaito cewa kamfanin Facebook ya biya wani kamfanin tsaro ya gano rauni a manhajar kallon bidiyo da ke cikin Tails, aka miƙa wa hukumar FBI, ita kuma ta yi amfani da shi ta kama wani mutum a California da ya daɗe yana razana 'yan mata ƙanana yana tilasta musu aika hotunan tsiraici. Labarin ya tabbatar da abubuwa biyu a lokaci guda, cewa mugu ma yana iya fakewa da kayan kariya, kuma babu manhajar da ba ta da kafar shiga. Haka GrapheneOS, wadda Android ce da aka ƙara wa matakan tsaro, ta sha suka a jaridun Faransa a ƙarshen 2025 bisa zargin cewa dillalan ƙwaya na amfani da ita, har masu gina ta suka kwashe na'urorinsu daga ƙasar. A duka lokutan biyu, na yabo da na zargi, abin da rahotanni suka fi tsallakewa shi ne bayanin me manhajar ke karewa da me ba ta karewa.

Arewacin Najeriya ba baƙon wannan batu ba ne. A watan Janairun 2019 sojoji suka shiga ofisoshin jaridar Daily Trust, yayar Aminiya, a Abuja da Maiduguri saboda wani rahoto kan yaƙi da Boko Haram, suka tafi da kwamfutoci, daga baya Kwamitin Kare 'Yan Jarida na duniya ya ruwaito cewa an bincike na'urorin domin gano waɗanda suka ba da bayani. Irin wannan yanayi ne aka ƙirƙiri Tails dominsa, tunda na'urar da ba ta riƙe komai ba ba ta da abin da za ta tona. Amma a Disamban 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ake kyautata zaton sun sayi kayan kamfanin Circles, masu bin sawun waya da sauraron kira ta cikin layin sadarwa kansa, inda babu ruwan babbar manhaja. Sa'ad da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga kuwa, babu manhajar da ta iya haɗa kowa da kowa.

Ga manomi ko ɗan kasuwa a Danchadi, haɗarin da ya fi kusa da shi ba na hukumomin ƙetare ba ne. Yana nan a shagon caji inda ake barin waya babu makulli tun safe har la'asar, da wurin mai tura fina-finai da ke jona ta da kwamfutar da ta sha ɗaruruwan wayoyi, da gaban mai POS inda ake faɗin lambar sirri da ƙarfi a cikin jama'a, da kuma kiran ɗan damfara da ke cewa daga banki yake, yana neman lambobin da aka turo ta saƙo. Tails kwamfuta take buƙata, GrapheneOS kuma a wayoyin Pixel na Google take aiki, waɗanda tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanen karkara. Duk da haka darasin da ke cikinsu ya shafi kowa: a rage abin da ake ajiyewa a na'ura, a kulle ta da lamba mai wuyar canka, a sabunta manhaja duk lokacin da aka fitar da gyara, kada kuma a ba wata manhaja izinin da aikinta bai buƙata ba.

Shahara a jarida ba ta ɗauke wa masu wannan aiki nauyi ba, domin a Satumban 2024 Tails ta haɗe da ƙungiyar da ke kula da Tor, bayan da hidimar gudanarwa da neman kuɗi ta yi wa ƙaramar tawagarta yawa. Wannan ya nuna cewa abin da irin waɗannan manhajoji suka fi buƙata shi ne masu bincike da masu fassara da masu koyarwa, kuma a nan ne malamai da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suke da rawar takawa. Gidajen rediyo irin su Rima, da sassan Hausa na kafofin waje da ake saurare a kowane ƙauye, ya kamata su ware lokaci su bayyana wa masu sauraro cikin harshen da suka sani yadda ake kare waya, tun kafin wata badaƙala ta tilasta musu. Neman sirri ba alamar laifi ba ce, haƙƙi ne da sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan Najeriya, kuma wanda bai san yadda na'urarsa ke aiki ba zai yi wuya ya iya kare wannan haƙƙi.